Wanda Ya Rushe Ɗakin Inna

Akwai wata magana da kuka tashi da ita a gidan nan, kun sha ta tare da nono, har ta zame muku kamar karatun allo. Kwanan baya da Sadiya ta zo ganin gida na ji tana faɗa wa 'ya'yanta ita a tsakar gida, wai Baffanku Sale ne ya rushe ɗakin Inna da gangan don ya mayar da ita Rogo. Ina zaune a zaure na ji, carbi ya tsaya cak a hannuna. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina jin wannan magana ina kawar da kai, yau ga shi ta tsallaka zuwa jikoki. Gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, kuma ba ni da takardar da ta ce zan ga wata damina. Don haka zan rubuta muku yadda abin ya faru, in kun gama karantawa ku yi mini kallon da kuka ga dama.

Gidan nan na Ƙaraye mahaifinmu ne ya gina shi da ƙasa tun yana magatakarda a gidan hakimi. Da ya rasu, ni ina aiki a Kano, sai Inna ta koma Rogo wajen Yaya Sale, wanda ke noman dawa da gyaɗa a gonar danginta. Aka garƙame gidan shekara shida, ba mai shiga sai ɓera da ƙadangare. Ku da kuka tashi a wannan zamani sai na yi muku bayanin wani abu, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Yaya Sale ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta ambaci sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake tsugunawa, ita kuma ta kawar da fuska ta amsa ciki-ciki. "Wancan" take ce masa. In tana da magana da shi sai ta nemi wanda za ta aika, ko da kuwa yana tsugune taku biyu daga inda take. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a wajen matan zamaninsu ado ce. Ni kuwa auta ne, shalele, ni ake ajiye wa ƙanzo. Tun ina ƙarami ni ne ɗan aiken da ke tsakaninsu, duk maganar da za ta tashi daga uwa zuwa ɗanta na fari ta bakina take bi.

Shekarar da aka dawo da ni aiki sakatariyar Ƙaraye, da bazara ne, zafi kamar a soya ƙwai a ƙasa. Na buɗe gidan, muka share ɗaki biyu muka shiga ni da mahaifiyarku Rabi da ku uku na lokacin. Sai wani buri ya shige ni: in gyara ɗakin Inna da hannuna, soron da aka kawo ta tana amarya, inda ta haife mu, in ɗauko ta kafin ruwa ya sauka. Zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna faɗa. Son Inna yana ciki, amma har da son a ce. Shekara shida mutane na cewa Sale ne ke riƙe da tsohuwa, ɗan bokon kuwa sai aike. Na je Rogo na gaya wa Yaya niyyata, na same shi yana gyaran garma a gindin ɗorawa.

"Madalla," ya ce. "Amma ka bari damina ta wuce. Da kaka zan zo da magini mu hau sama mu duba. Soron da ya shekara shida ba yaɓe, ba a fara masa ta bango. Rufi tukuna, Habibu."

"Yaya, ai yanzu zamani ya canza. Siminti zan sa, ba yaɓe ba."

"To," ya ce, ya ci gaba da bugun garmarsa.

Ilmina na gini gaba ɗaya daga tagar ofis na samo shi. An yi wa sakatariya kwaskwarima a shekarar, na yi mako biyu ina kallon masu filasta da masu fenti, na ga abin ba wuya, shafa ce kawai. Ban tsaya na lura ba cewa su bulo suke shafawa, ni kuwa ƙasa zan shafa. Na ɗauki hutu, na sayo siminti da yashi da cokalin magina da galan-galan na fentin mai, shuɗi mai ƙyalli irin na ofishin shugaba. Ranar da na fara, na ga tsaga a kusurwar gabas, ta taso daga sama har kusan ƙugu, yatsa biyu na shiga. Na yayyaga buhun siminti na cusa a ciki na bi da kwaɓi, ta ɓace kamar ba a yi ta ba. Na ɗaga kai na ga hanyar gara ta bi jikin azara uku, na sa tsintsiya na kakkaɓe, na ce ai gara ba ta cin fenti. Ban hau rufin ba sai sau ɗaya, shi ma don in cire indararon Baba ne, wani dogo na giginya da ya miƙo kamar hannun mai roƙo yana ɓata mini fuskar gini. Na maye gurbinsa da ɗan guntun kwano wanda bai kai kamu ɗaya ba. Na lafta siminti ciki da waje, ban kafa ƙusa ko waya da zai kama ba, ban jiƙa bangon ba, ban jira ya sha iska ba. Kwana uku da gama filasta na buɗe fenti, don hutuna ya kusa ƙarewa.

Rabi tana kawo mini ruwa tana kallo. Ita 'yar Yammedi ce, a ginin ƙasa ta girma, ta sha yin daɓe da shafen farar ƙasa tun tana yarinya.

"Malam, ka rufe shi ciki, ka rufe shi waje. Ta ina zai yi numfashi?"

"Bango ne, Rabi, ba ɗan akuya ba."

"A gidanmu dai cewa ake ginin ƙasa yana shan ruwa da damina ya fitar da rani. In ka toshe shi, ruwan da ya shiga ina za shi?"

Na ce mata ta je ta duba tukunyarta. Ta tafi, ba ta ƙara ba, mahaifiyarku ba ta maimaita magana.

Ranar da na ɗauko Inna, wallahi ɗakin ya yi kyau. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe, sannan ta shiga tana shafa bangon da tafin hannu kamar mai shafa kan jariri. Ta sa aka kafa gadonta na ƙarfe a kusurwar gabas, inda yake tun tana amarya, daidai ƙarƙashin tsagar da na ɓoye. Ta jera tasoshinta da fantekarta. Matan unguwa suka yi ta zuwa sannu da zuwa, kowacce ta shigo sai Inna ta nuna mata bango.

"Auta ne ya yi. Da hannunsa, ba magini ba ɗan kwangila. Ku duba, har fuskarki kina gani."

Ina jin haka daga tsakar gida kaina yana ƙara girma. Ban san wannan yabon ne zai zame mini dabaibayi ba.

Ruwan farko da na biyu ba abin da ya faru, har na fara yi wa Rabi gatse. Bayan na huɗu ne, na shiga gaida Inna da safe, ina tsugune sai idona ya sauka a kan wani ƙulli a jikin fentin, bayan kan gadonta, kamar bororon ƙuna. Na bari sai da ta tafi barka maƙwabta, na shiga da allura na huda shi, ruwa ja ya gangaro. Na goge, na shafa sabon fenti a kai, na buɗe taga don wari ya fita. Bayan kwana biyu suka zama biyar. Na ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa, sai ya amsa mini kamar ganga, alamar simintin ya rabu da ƙasar da ke bayansa. Daga ranar gaisuwar safe ta zame mini azaba. Bakina yana cewa "Ina kwana, Inna, ya ƙarfin jiki," idona yana yawo a bango yana ƙirga bororo. Ƙofar ɗakin ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa. Wani wari ya tashi irin na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Wata safiya na ga wani gari-gari ja a kan zanen gadonta, na san daga azara yake zubowa.

"Tururuwa ce," in ji Inna, tana kakkaɓewa. "Kai dai ka cika sa ido."

Abinci ya daina shiga. A ofis in hadari ya haɗo sai in kasa riƙe biro, in an yi tsawa sai in ji kamar a tsakar kaina. Sau uku ina barin aiki in hau babur cikin ruwa in zo in tsaya a ƙofar ɗakin ina haki, in tarar da ita tana kaɗa audugarta lafiya lau, ta ce me ya koro ni, in ce mantuwa na yi. Na gwada dabara. Na ce mata a matsar da gadon kusa da taga don iska, ta ce nan ubanmu ya kafa shi, nan zai zauna. Na yi tunanin kafa gwafa in tokare azarar, sai na tuna duk wanda ya shigo zai gani ya tambaya. Ku duba wannan lissafi: ina tsoron rufi ya faɗo wa uwata, amma tsoron a ce aikina bai yi ba ya fi shi nauyi. Ban san haka nake ba sai a shekarar nan.

Rabi ta same ni a bayan ɗakin wata la'asar ina duban gindin bango, inda guntun indararona ke tsiyayar da ruwa kai tsaye. Wurin ya yi laushi kamar tuwon da ya kwana.

"Malam, ka aika a kira Yaya."

"Bayan damina."

"Bangon ya ce maka zai jira bayan damina? In ba za ka kira shi ba, ka dawo da ita ɗakina ni in koma wajen yara."

"In ce mata me?"

Ta dube ni, ta ɗauki bokitinta ta wuce. Na yi kunnen uwar shegu, na ce gobe. Kullum gobe.

Sai marka ta kama. Kwana uku ruwa bai ɗauke ba, ba mai ƙarfi ba, irin mai naci ɗin nan da ke ratsa komai. Rana ta huɗu da hantsi aka ɗan sarara, ranar kasuwar Ƙaraye ce, sai ga Yaya Sale a kan babur, wandonsa duk taɓo, ya kawo wa Inna sabuwar masara. Ya tsuguna a bakin ƙofa kamar kullum ya gaishe ta, ta kawar da kai ta amsa. Na ga hancinsa ya motsa. Ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya daɗe yana dubawa. Ya miƙe ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan igiya, ya miƙa hannu ya soki azarar da ke saman ƙofa. Wuƙar ta shige har ƙota kamar a cikin kabewa. Ya yafito ni muka zaga baya. Ya sa hannu ya ɓamɓaro simintin, falle guda kamar faifai ya taho, ƙasar da ke ciki baƙa ce jiƙe sharkaf, ga takardun buhun da na cusa sun leƙo. Ya ɗaga kai ya ga guntun kwanona.

"Ina indararon Baba?"

"Na cire."

"Tun yaushe ka san da wannan?"

Na kawar da kai. Ya jefar da fallen simintin ƙasa.

"Yau za ta fita, Habibu. Yanzu. Rufin nan ya sha ruwa ya ƙoshi, abin da ke riƙe da shi ikon Allah ne kawai. Shiga ka gaya mata."

"In ce mata me, Yaya?"

"Gaskiya mana."

Daga bayan ɗakin zuwa ƙofarsa taku goma sha biyu ne, na sha aunawa daga baya. A cikinsu na shirya gaskiyar tsaf. Na shiga na tsuguna, ta ɗago ta dube ni da fuskar nan da take ajiye wa ni kaɗai, shuɗin bangon yana ƙyalli a bayanta. Sai na ji bakina yana cewa:

"Inna, Yaya ya ce wai ki fito. Wai ɗakin bai yi masa ba."

Wannan ita ce maganar. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, shi ya sa ta fi ƙarya muni. Fuskar Inna ta canza. Ta ɗaga murya yadda na waje zai ji, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ka gaya wa wancan, ɗakin ubansa ne, ba nasa ba. Shekara shida ina gidansa bai ce zai gyara ba, sai da ƙaninsa ya yi ne zai ga aibu? Ba inda za ni."

Yaya yana tsaye a ƙofa, ya ji abin da na faɗa, ya ji abin da ta faɗa. Ya dube ni sau ɗaya. Ina jira ya buɗe baki ya tona, amma ɗan fari ba ya jayayya da uwarsa, ba ya ma yi mata doguwar magana, kuma a sama hadari yana sake haɗowa. Sai ya cire takalmi ya shiga ɗakin, shi da ko labulensa bai taɓa ɗagawa ba. Ya kira Rabi suka kama tasoshi da akwati suka yi waje da su. Ya dawo ya tsaya a gefen gadon kansa a ƙasa, ba ya motsi. Kunya ta hana Inna zama ɗaki ɗaya da shi a haka. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita tana kuka, Rabi ta shigar da ita nata ɗakin. Ya san da zarar ya hau babur za ta koma, ya kuma san ni ba zan hana ta ba. Ya aro diga da tsani a maƙwabta, ya kafa tsanin ta baya, ya hau. Sara uku ya yi a bakin rufin. A na ukun kusurwar gabas gaba ɗaya ta rufta ciki da wata ƙara da har yau nake ji a ƙirjina. Da ƙura ta lafa na leƙa. Gadon ƙarfen da ba mu kai ga fitarwa ba ya lanƙwashe ƙarƙashin ƙasa da azara, daidai inda take sa kai.

Inna ba ta ga wannan ba. Abin da ta ji shi ne saran diga, sannan rugujewa. Abin da unguwa ta gani shi ne Sale a sama da diga a hannu. Kafin la'asar labari ya gama gari, wai hassada ce ta 'yan'uwa. Washegari ta bi shi Rogo don ba ɗakin da za ta zauna, ta hau motar haya ba ta dubi inda yake ba. Rabi ta so ta yi magana na hana ta, na ce ni zan faɗa da bakina in ƙura ta kwanta. Ta riƙe mini wannan alkawari har ta koma ga Allah, kuma na san bai yi mata daɗi ba.

Da rani Yaya ya dawo da magini, ba wanda ya kira shi. Muka sake tayar da ɗakin, a nan na koyi abin da ya kamata in koya tun farko, ina miƙa masa tubali kamar ɗan koyo. In za ku shiga tsohon gida, ku fara hawa sama, don ciwon bango daga rufi yake sauka. Ku bi azara ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, wadda ta karɓi wuƙa ta gama aiki, fenti ba zai dawo da ita ba. Ku ƙwanƙwasa bango ku saurara. Tsaga ba a toshe ta sai an san abin da ya tsaga ta, a buɗe ta a kankare har a kai ga ƙasa mai ƙarfi, a jiƙa, a cike da irin abin da aka yi ginin da shi, a bar ta ta bushe ko da za ta ci wata guda. Indararo kuwa muninsa shi ne amfaninsa, gara ya yi tsawo ya jefa ruwa nesa. Yaya ya yi wa rufin yaɓe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa mai hana ruwa ratsawa, ciki kuma muka shafa farar ƙasa, ita ce har yau nake sabuntawa duk shekara biyu, daga sama zuwa ƙasa, da rani, taga a buɗe. Ban ƙara shafa fenti a kan danshi ba, ko a ginin bulo. Duk kwanakin nan da muka yi muna aiki kafaɗa da kafaɗa, bai taɓa tayar da maganar ba. Da aka gama na je ɗauko Inna, ta ce wannan ba ɗakinta ba ne, nata an rushe.

Shekara uku ta yi bayan nan. Duk zuwan da zan yi Rogo da niyyar faɗa nake tafiya, ina maimaita kalmomin a kan babur. In na tsuguna sai ta riga ni: "Auta, ɗakina mai kyau da ka yi mini." Sai in haɗiye. Tana cin tuwon gidan Yaya, tana shan maganin da ya sayo, amma amsa gaisuwarsa ta ƙara gajarta, wannan karon ba don kunya ba. A ciwonta na ƙarshe, da rana tsaka, ina zaune a gefenta shi kuma yana waje a gindin ɗorawa, ta kama hannuna.

"Ka gaya wa wancan na yafe masa ɗakin."

Na ce, "Inna," sai ta rufe ido ta ce ta gaji. Na fita na same shi yana ɓarar gyaɗa, na tsuguna, na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, kalma da kalma. Wannan karon ban canza komai ba. Ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ka ce mata na gode."

Na koma na faɗa mata. Kwana biyu bayan nan ta rasu.

Baffanku yana nan da ransa a Rogo, ya haura tamanin, kunne ya yi nauyi. 'Ya'yansa sun lura ba kwa zuwa gaishe shi sai in ta kama dole, sun kuma san dalili, shi ne dai ya hana su magana. Ranar Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu zan je in karanta masa wannan da ƙarfi a gaban iyalinsa, ina so ku zo ku tsaya a bayana ku ji. Sadiya, kina da shekara bakwai a lokacin, kina tsakar gida, kin sha cewa da idonki kika ga Baffa a sama da diga. Ba ki yi ƙarya ba, kin gan shi. Ginin ne ya tare miki wanda ke ƙasa. Ni ne na riƙe masa tsanin.